Rigar Alhaji Tanko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Misfala, Makka, ƙarshen watan Zulhajji.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a masaukin alhazai na Jidda, ya sa jirgin ruwan da kake jira ya ɗauke ka lafiya ya sauke ka Ingila lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka kilishin yana can ƙasan akwati cikin tsohon zanenta, ka riƙa fito da shi yana shan iska. Direban da ya kawo maka takardar zai ba ka wani ƙunshi. Kada ka kwance shi sai ka kai ƙarshen karatu.

Ka san halina. Abin da nake iya faɗa wa yaran da nake koyarwa a soro, ba na iya faɗa maka ido da ido. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina gare ka. In na ɗaga kai zan yi maka faɗa, sai in ji kamar tsohon nake yi wa rashin kunya. Shi ya sa na bari sai da motarku ta tashi, sannan na ɗauki alƙalami.

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa za ka tafi karatun shari'ar Turawa, kowa ya tare ni maganar hular gashi yake yi mini. Mai gasa burodin tamis na bakin layinmu har barin tanderunsa ya yi ya biyo ni, yana cewa, "Ya Ustaz, da gaske ne waladin naka zai sa gashin tsohuwa a kansa?" Mutane sun ɗauka hular ita ce alƙalin, kuma wai tun da aka san Ingila da ita ake yanke hukunci. Mai yiwuwa kai ma haka ka ɗauka. Ni dai haka na ɗauka, har ranar da wani tsoho ya kai ni gaban kabarin wani alƙali, na yi tambayar da ta sa shi dariya.

Ka tuna shekarar da aka tura ni Ingila kwas na malamai, kana ƙarami, kafin ƙasarmu ta samu 'yancin kai, kafin kuma mu yi ƙaura zuwa nan. A wani ƙaramin gari aka sauke ni, gidan wani tsohon malamin makaranta wanda ya bar aiki. Mutum ne mai son tarihin garinsu kamar ransa. Da ya ji cewa na taɓa yin magatakardan alƙali a ƙuruciyata, sai ya ce lallai in zo in gaisa da nasu alƙalin. Ashe majami'arsu yake nufi. Na tsaya a bakin ƙofa ina wasiwasi, sai da ya tabbatar mini ba lokacin ibadarsu ba ne, sannan na shiga.

A wani lungu akwai kabari na dutse. A kansa an sassaƙa siffar mutum a kwance, da doguwar riga har idon sawu, matarsa a gefensa. Tsohon ya ce wannan alƙalin sarki ne, ya rayu wajen shekara ɗari biyar da suka wuce. Ya faɗi sunansa, amma harshena bai iya ɗaukarsa ba tun a lokacin, balle yanzu. Na duba kan mutumin, na ce, "To ina hular gashin?" Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce ai a zamanin wannan mutum ba a san ta ba, sai can daga baya ta shigo, kuma da farko ado ne kawai na masu hali. Ya nuna mini abin da ke kansa: wata 'yar farar hula ce ta yadi, mai rufe kunnuwa, ana ɗaure ta a ƙarƙashin haɓa. Wallahi Abba, in ka gan ta sai ka ce irin wadda mahaifiyarka take ɗinka wa jarirai ce lokacin sanyi.

Wannan shi ne kuskurena na farko da zan ba ka labari: na je neman alƙali ina duban kansa. Kai kada ka yi haka. Za ka ga mutane cikin shiga iri-iri, wasu za su cika maka ido, wasu za su ba ka dariya. Ka jira ka ji abin da bakinsu zai faɗa in an zo wurin da faɗar gaskiya take da tsada.

Muka zauna a kan wani benci, tsohon ya ba ni tarihin mutumin, ni kuma ga shi na ba ka yadda na riƙe shi. Ba ɗan sarauta ba ne. Ubansa mai gonaki ne daidai gwargwado, irin wanda a wajenmu za a ce yana da rufin asiri. Yana saurayi aka tura shi Landan, ya shiga ɗaya daga cikin gidajen da lauyoyi suke zama tare da almajiransu, su ci tare, su kwana a wuri ɗaya. Ba wani malami da zai tsaya gaban allo ya koya masa. Da safe ya tafi kotu ya raɓe a inda aka keɓe wa masu koyo, ya kasa kunne yadda manya suke kafa hujja da yadda alƙalai suke rushe ta. Ba ma da Turancin da ya sha a nono ake yin muhawarar ba, da wani irin Faransanci ne na lauyoyi, rubutun kotu kuwa da Latin. Ka ga ashe shi ma da harshen aro ya yi karatu, kamar yadda za ka yi. Bayan an ci abinci, sai manyan gidan su jefo wata shari'a ta ƙirƙira, a raba yara gida biyu, a ce su kara. Wanda ya yi shirme a yi masa dariya a gaban kowa, gobe ya gyara.

A nan zan tsaya in gaya maka wata wautar da na yi. Zaman da na yi a Ingila, rabinsa a ɗaki na yi shi, daga ni sai burodi da kifin gwangwani. Tsoro nake ji kada a sa mini naman alade, kada a miƙo mini giya, kada in riƙe cokali ba daidai ba. Abokan karatuna suna can teburi suna gardama a kan yadda ake koyar da yaro, ni ina ɗaki ina kare mutuncina. Da na dawo gida sai na ga abin da na tsira da shi littattafai ne kawai, waɗanda ko ban je ba ana iya aiko mini da su. An gaya mini har yau gidajen lauyoyin nan suna nan, kuma ba a yarda mutum ya zama lauya sai ya ci abinci a zaurensu sau da yawa. Ka je ka ci. Ka ce a ba ka kifi ko ƙwai, ka kife kofin giyar ka nemi ruwa, ba wanda zai kore ka. Ka zauna kusa da wanda ya fi ka sani, ka bar shi ya kayar da kai a gardama. Addinin da zama a teburi ɗaya da mutane zai kwance shi, dama can ba a ɗaure shi da kyau ba, kuma na san yadda muka ɗaure naka.

To, mutumin nan ya daɗe yana lauya kafin ya zama wani abu. A nan ne labarin ya zo inda nake so ka buɗe kunne. Tsohon ya ce a wancan zamani, in babban mutum ko hukumar wani gari ko wani gidan ibada mai gonaki suna son lauya ya zama nasu, ba kuɗi kaɗai suke ba shi ba. Riga suke ba shi duk shekara, mai launin gidansu. In ya sa ta ya fita, ba sai an tambaya ba, kowa ya san tuwon wa yake ci. Da na ji haka sai na gyara zama, na ce a raina, ashe su ma sun san riga. Mutumin ya tara irin waɗannan riguna da dama, don ya iya aikinsa, kowa yana son ya jawo shi.

Da gashinsa ya fara furfura aka ɗaga shi zuwa sahun manyan lauyoyi, waɗanda daga cikinsu kaɗai ake zaɓen alƙalai. Ranar naɗin ya yi walima kamar ta aure, ya raba zobba na zinariya ga manyan da suka halarta, aka ɗaura masa farar hular nan. Tsohon ya ce ko a gaban sarki mai ita ba ya cire ta. Bayan wasu shekaru sarki ya naɗa shi alƙali, ya yi rantsuwa. Abin da ke cikin rantsuwar, a taƙaice: zai yi wa talaka da mai arziki hukunci daidai, ba zai karɓi kyauta daga wanda yake da ƙara a gabansa ba, sai fa abin ci da abin sha wanda bai taka kara ya karya ba, kuma ba zai ƙara karɓar riga daga hannun kowa ba, babba ko ƙarami, sai ta sarki. Dukan rigunan da ya tara, daga ranar ya daina sa su.

Sauran rayuwarsa a kan hanya ya yi ta. In lokacin zaman kotu ya ƙare a Landan, sai ya hau doki ya fita rangadi lardi-lardi, cikin ruwa da taɓo, yana sauraron rigimar gona da ta gado da ta kisan kai. Akwai ma dokar da ta hana a tura alƙali rangadi lardin da ya fito, don sun san mutum ba ya iya hukunci a inda kowa ya taɓa goya shi. A zamaninsa gidaje biyu na zuriyar sarauta suka yi ta yaƙi a kan gadon mulki, yau wannan ya hau, gobe a tumɓuke shi. Tsohon ya ce duk wanda ya hau sai ya bar alƙalin a kujerarsa. Ya tsufa, ya koma garinsu, ya mutu a kan gadonsa, abin da manya da yawa na zamanin ba su samu ba.

Na tambayi tsohon, na ce, "To ya cika rantsuwar?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai bai ga inda aka rubuta cewa ya karya ta ba, amma kada in ɗauka waliyyi ne, don ya mutu da gonaki ninkin waɗanda ubansa ya bar masa, kuma akwai alƙalan da aka kora saboda cin hanci. Na ji daɗin wannan amsa. Ba ina ba ka labarinsa don ka ɗauke shi shehi ba ne. Malamanmu da suke karantarwa a Harami sun faɗi abin da ya fi wannan a kan alƙali da kyauta, ka kuwa ji da kunnenka. Abin da ya kama ni shi ne, mutanen da ba su san mu ba, ba mu san su ba, da nisan ƙasa da nisan zamani, sun gano abin da na gano da kaina a wani ƙauye ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai: riga tana da nauyin da ba a kafaɗa ake jin sa ba.

Ban taɓa ba ka wannan labari ba. Da na gama makaranta, kafin in koma koyarwa, an tura ni magatakarda a kotun wani alƙali a wata gunduma. Dattijo ne mai ƙarancin magana, rigunansa biyu, in an wanke ɗaya ya sa ɗaya. A garin akwai wani attajiri mai sayen gyaɗa, mutum mai fara'a da sakin hannu. Da ƙaramar salla ta zo sai ya aiko mini da riga, fara sol, da aiki har ciki. Ba shi da ƙara a kotu a lokacin, ban ga laifin karɓa ba. Na sa ta na je idi, 'yan mata suna leƙe ta katanga. Ita ce rigar kirki ta farko da na mallaka.

Da damina ta kusa, sai ga shi a kotu shi da wani manomi maƙwabcinsa, suna jayayya a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakinsu. Alƙali ya ce in je in gano masa da idona. Na je. Ko yaro ya ga abin da ya faru: gambar da ke nuna iyaka sabon dashe ce, an matsar da ita ta yadda ɗorawar ta faɗo cikin gonar attajirin, ga kututturan tsohuwar gambar nan a inda aka sassare su. Na dawo, kotu ta cika, attajirin yana zaune yana mini murmushi, ni kuwa ina cikin rigarsa.

Alƙali ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Allah gafarta Malam, abin da wuyar ganewa. Ciyawa ta rufe wurin."

Ka lura, ban shirya yin haka ba. Ba wanda ya roƙe ni, ba wanda ya tsorata ni. A hanya ma ina ta tsara yadda zan faɗi gaskiya. Harshen ne kawai ya ƙi.

Alƙali ya dube ni tun daga wuya har ƙasa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Rigar nan ta yi maka nauyi da zafin nan. Je ka gida ka sauya, ka dawo ka ba ni labarin gonar."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na fita kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je na cire ta, na sa tsohuwar taguwata ta makaranta, na dawo. Abin mamaki, Abba, da na tsaya a wurin da na tsaya ɗazu, maganar da kanta ta fito: sabuwar gamba, tsofaffin kututture, da wajen da ɗorawar take tun asali. Manomin ya samu itacensa.

Daga nan kuma sai na zarce, na yi wani kuskuren. Na ɗaura wa kaina cewa ko goro ba zan ƙara karɓa a hannun kowa ba. Wata rana muna rangadi da Alƙali, rana ta take, muka sauka a gindin wata tsamiya. Wata tsohuwa ta fito daga bukkarta da ƙwaryar fura ta miƙo mini. Na ɗaure fuska na ce ni ma'aikacin kotu ne, ba na karɓar komai. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu, ta ce, "Ɗan nan, guba ka ga na zuba?" Alƙali ya miƙa hannu ya karɓa, ya sha, ya sa mata albarka, ya miƙo mini ragowar. Da muka hau hanya ya ce, "Jiya riga ta ɗaure ka, yau girman kai. Furar tsohuwa ba ta sayen kowa." Shi ya sa da Baturen nan ya zo kan maganar abin ci da abin sha a cikin rantsuwar, na yi dariya ni kaɗai. Don haka in matar gidan da za ka sauka ta kawo maka shayi, ko wani ɗalibi ya raba burodinsa da kai, ka karɓa da hannu biyu. Mutumin da ba ya karɓar komai, ba mai iya zama da shi.

A hanyar nan ne kuma ya koya mini abin da ya kamata in yi da rigar. Na ce zan mayar wa mai ita. Ya ce kul, mayar da kyauta zagi ne, kuma mutumin bai zage ni ba. Ya ce shi in babban mutum ya aiko masa da abu, ba ya bari ɗan aiken ya koma hannu sake. Sai ya haɗa shi da tukwicin da ya kai kyautar ko ya fi ta, tun rana ba ta faɗi ba. Ta haka an yi zumunci, ba wanda ya hau kan wani. Ina da wani rago da nake kiwo tun yana ɗan ƙarami, ina ji da shi. Na ja shi da kaina har ƙofar gidan attajirin. Ya dubi ragon, ya dube ni, ya fashe da dariya, ya ce, "Kai, yaron Alƙali, ka koyi karatu!" Har na bar garin muna gaisawa da mutunci, kuma na ci gaba da sa rigata ba tare da ta hana ni magana ba.

Yanzu ka san inda na dosa.

Alhaji Tanko mutumin kirki ne, kuma ɗan garinmu ne. Ya sauka a hannunmu bana, na ga yadda ya ciyar da mutanen da bai san su ba a Arfa. Da ya ji labarin karatunka ya yi murna ta gaskiya. Amma ka tuna abin da ya ce lokacin da ya miƙo maka shaddar nan mai ruwan toka: "Ga lauyanmu nan! In ka dawo, shari'o'ina sun samu mai su." Kowa ya yi dariya, har da ni. Ya kuma ce zai aiko maka da rigar sanyi duk shekara. Mutum ne mai motoci da filaye, kuma mai motoci da filaye ba ya rabuwa da kotu.

Ranar salla a Mina, bayan an yi jifa an yi aski an cire harami, rigar ka sa. Ta yi maka kyau ƙwarai, mahaifiyarka har da ƙwalla. Sai rigimar nan ta tashi a kan inuwar da ke jikin tankin ruwa. Tsohuwar nan 'yar Damagaram, mai miji marar lafiya, tun da safe ta shimfiɗa tabarmarta a wurin. Kai ka taya ta ɗaukar kaya, ina kallonku. Yaran Alhaji suka zo suka janye tabarmar zuwa rana suka shimfiɗa masa darduma. Na tabbata shi bai ma san yadda aka yi ba. Wakilin muɗawwifi, mai kula da alhazai, ya zo yana ta "Esh fi? Esh fi?", wato me ya faru, tsohuwa tana magana da Hausa, yaran suna magana da Hausa, kai ne tafinta. Ya juyo ya tambaye ka wa ya riga zuwa. Ka naɗe hannun rigar a kafaɗa, ka dubi ƙasa, ka ce ba ka lura sosai ba. Wakili ya ce, "Halas, halas," wato shi ke nan, ya bar darduma a inda take.

Na kai tsohuwar da mijinta tantinmu, mahaifiyarka ta ba su wuri, sun ma fi samun iska a can. Ba a yi asarar komai ba, sai abu ɗaya, kuma na ga a fuskarka ka san an yi ta, don ranar ba ka ci abincin kirki ba. Ban ji haushinka ba, Abba. Kaina na gani a tsaye cikin farar riga, ina cewa ciyawa ta rufe wurin. Har na gode wa Allah da abin ya same ka a kan inuwar tanki, kana ɗalibi, ba a kan gonar marayu ba kana bisa kujera.

Ba zan ce ka mayar da rigar ba, ba zan ce ka guji Alhaji ba. In ka dawo ka ga dama ka zama lauyansa, halal ne, alƙalin nan na dutse ma ya yi wa manya aiki shekara da shekaru. Amma ya zama kai ka zaɓa da idonka a buɗe, bayan ka gama karatu, ba a riga an sa maka launin wani gida tun ba ka taka jirgi ba. Ƙasarmu sabuwa ce, za ta nemi alƙalai daga cikinku, kuma ina so ranar da za a kira ka, a samu bakinka a hannunka yake.

To, yanzu kwance ƙunshin. Mishlata ce, baƙar alkyabbar nan mai bakin zinariya, wadda nake sawa ranar Juma'a. Da guminmu aka saye ta, ba wanda ya ba ni. Na ga yadda Alhaji yake kallonta ranar da muka raka shi ɗawafin bankwana, har ya shafa bakinta ya tambayi inda ake samun irinta. Ta fi shaddarsa, kuma ya sani. Na ba ka ita halak malak. In kana tsoron ita ma za ta ɗaure maka baki a gabana, kwantar da hankalinka, wannan ɗaurin tun ranar sunanka aka yi shi.

An gaya mini jirgin saman su Alhaji bai tashi ba tukuna, yana nan masauki ɗaya da kai. Ga abin da nake so ka gwada, don kada ka ce tsoho ne kawai yake surutu. Ka sa rigar tasa, ka je ka gaishe shi bayan la'asar, lokacin da mutane suke kewaye da shi. In an gama gaisuwa, ka ce masa cikin ladabi, "Alhaji, ranar nan a Mina, tsohuwar nan ce ta riga zuwa, na gani da idona." Iyakar maganar ke nan. In ta fito sumul, to rigar ba ta da nauyi, ni ne na yi maka mummunan zato, ka riƙe mishlar ka sha sanyin Ingila da ita. In kuwa ka ji harshe ya ƙi, kada ka ji kunya, ubanka ma ya ƙi masa. Ka koma ɗaki ka ɗauko mishlar, ka yafa masa a kafaɗa da hannunka, ka ce tukwici ne daga ɗansa. Sannan ka sake gwadawa. Na san Alhaji, zai yi dariya, mai yiwuwa ma ya sa a nemo tsohuwar a cikin masaukin ya ba ta haƙuri.

Allah ya tsare ka a ruwa da tudu. Allah ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin baƙunta, ya ba ka ilimi mai amfani, ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Gobe da asuba ni da mahaifiyarka za mu yi maka ɗawafi. Ta ce kada ka manta da kilishin.

Ni kuwa Juma'a mai zuwa da tsohuwar jallabiyata zan tafi masallaci, kuma ban taɓa jin daɗin rashin riga irin na wannan karo ba.

Wassalam.

Mahaifinka.